Yaya kiristal ke sauke firikwansin hasken leza? Amsa ga tambayar wani ɗalibi

Wani ƙanenmu da ke karanta fiziks ya turo min tambaya, ga ta kusan yadda ya rubuto: "Malam na gane yadda 'yar lezar nan mai koren haske take ninka firikwansi da kiristal, amma na ga an ce akwai kiristal da ke yin akasin haka, ya karɓi haske ya fito da mai ƙaramin firikwansi. Wai rage wa hasken gudu yake yi ne? Kuma ƙarfin da ya ragu ina yake zuwa, zafi yake zama?"

To ƙanena, amsar duka biyun a'a ce. Gaskiya ne haske na rage gudu in ya shiga kiristal, amma haka yake yi a cikin ruwa da gilashin taga ma, kuma rage gudu ba ya taɓa firikwansi ko kaɗan, tsawon zangon ne kawai ke tsukewa a ciki, da ya fito ya koma yadda yake. Abin da kiristal ɗin ke yi daban ne: yana raba ƙwayar haske ɗaya, wato foton, gida biyu. Babu abin da ya ɓace, canji ne kamar ka ba mai shago dubu ɗaya ya ba ka ɗari biyar-biyar guda biyu, ko ya ba ka ɗari bakwai da ɗari uku. Wannan shi ne gaba ɗayan labarin a dunƙule, sauran bayanin duk a kan me ya sa ba kowane gilashi ke iya wannan ba ne, da kuma me ya sa ko kana da kiristal ɗin da ya dace sai ka sha wahala kafin ya yarda ya yi maka aikin.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna. Wanda ya taso da rediyo mai gajeren zango ya san ana cewa tasha tana kan mita 16 ko mita 19, wannan tsawon zango ne, in kuma aka ce kilohaz kaza to firikwansi ne, wato sau nawa igiyar ke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. In ɗaya ya hau ɗayan sauka yake. Haske ma haka ne sai dai zangonsa ƙanƙane ne ƙwarai, da nanomita ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kuma ƙarfin kowane foton ya dogara ne a kan firikwansinsa kai tsaye, E = hf, inda E ƙarfin foton ne, f firikwansi, h kuma lamba ce da ba ta canzawa. Shi ya sa sauke firikwansi ke nufin foton mai ƙarancin ƙarfi, shi ya sa kuma tambayarka ta "ina sauran ya tafi" take da ma'ana sosai.

Akwai hanyar da zatonka yake daidai, kuma tana rataye a silin ɗakinka. Farin ƙwan LED asalinsa shuɗi ne, wajen nanomita 450, sai aka shafe shi da wani gari mai shanye shuɗin ya fito da ruwan ɗorawa, haɗuwar biyun ce idonka ke gani fari. A nan foton ɗaya ya shiga ɗaya ya fito, bambancin ƙarfin ya tafi a zafi. Amma wannan hasken warwatse yake fita ta ko'ina, ya rasa tsarin leza. Kiristal ɗinmu ba ya shanye komai, garau yake ga hasken, ilektiron ɗinsa ba sa hawa wani mataki su zauna, kaɗa su kawai ake yi.

Ga yadda kaɗawar take. Haske filin lantarki ne mai kai da komo, in ya ratsa abu sai ya dinga jan ilektiron ɗin atam ɗin gaba da baya, su kuma da suka kaɗu sai su fitar da nasu hasken. A hasken yau da kullum ilektiron biyayya yake yi sak, in ka ninka turin ya ninka motsin, firikwansin da ya shiga shi ne zai fito. Dalili kuwa hasken rana ma filinsa bai wuce bolt 1000 a mita ba, alhali filin da ke riƙe da ilektiron a jikin atam biliyoyin bolt ne a mita, ka ga kamar ƙuda ne ya sauka a kan raƙumi. Amma in ka matse leza mai ƙarfi a ɗan ƙaramin wuri, turin ya fara zama abin a zo a gani, sai biyayyar ta fara karkacewa. Ka san lasifikar masallaci ko ta gidan biki in aka ƙure mata murya yadda take fara zaga, kana jin wasu sautuka da ba su fito daga bakin mai magana ba? To wannan ne. A lissafi muna rubuta P = ε0(χ1E + χ2E² + χ3E³ + ...), inda a nan E shi ne filin lantarkin hasken, P kuma martanin da ilektiron ke bayarwa, kashin farko shi ne biyayyar, na biyu mai χ2 da E² shi ne namu.

Me E² ke yi? In akwai igiyoyi biyu a ciki, sai ya ninka ɗaya da ɗaya, kuma tun sakandare ka san cos a × cos b = ½[cos(a+b) + cos(a−b)]. Wato an haifi sabbin firikwansi biyu, jimla da kuma bambanci. Jimlar ce ke ba ka koren lezarka: diyod mai nanomita 808 ke kunna wani kiristal ya ba da 1064, sai wani kiristal mai suna KTP ya haɗa 1064 da kansa ya ba da 532, wato koren. Bambancin kuwa shi ne amsar tambayarka. Duk mai gyaran rediyo a kasuwa ya san wannan dabarar ko bai san sunanta ba, domin haka rediyo ke haɗa siginar tasha da ta cikin gida ya sauke ta zuwa kilohaz 455 a AM ko megahaz 10.7 a FM. Mu dai namu a tirahaz, wato megahaz miliyan, ake yi kuma mahaɗin dutse ne ba tiransisto ba.

Amma ba kowane abu ke da χ2 ba, nan mutane da yawa ke tuntuɓe. In tsarin atam ɗin abu iri ɗaya ne ko ta ina ka juya shi kai ƙasa, to turin hagu da na dama dole su ba da amsa daidai wa daida, alhali E² bai damu da alamar turin ba, hagu da dama gefe ɗaya yake turawa. Hanya ɗaya da za a sasanta wannan ita ce χ2 ya zama sifiri. Saboda haka gilashi ba ya yi, ruwa ba ya yi, gishirin miya duk da kiristal ne ba ya yi, silikon ma haka. Sai kiristal mai karkataccen gini wanda ilektiron ya fi sauƙin gusawa gefe ɗaya a cikinsa: kwaz, KDP, KTP, litiyom nayobet, da BBO da LBO waɗanda Chen Chuangtian da abokan aikinsa suka samar a birnin Fuzhou na ƙasar Sin.

Abin ya faro ne shekara ɗaya bayan Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960. A 1961 Peter Franken da abokansa a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka harba lezar rubi mai nanomita 694 cikin kwaz suka ga ɗan haske a 347. Hasken ya yi rauni har ɗigon da ya bari a hoton bai fito a mujallar ba, ana cewa masu bugawa sun ɗauka datti ne suka goge shi, ka ji, shaidar binciken kenan gaba ɗaya. Wannan ninkawa ce. Saukewa a cikin na'ura mai aiki sai a 1965, lokacin da Giordmaine da Miller a Bell Labs suka gina OPO ta farko, wato na'urar da ke raba hasken leza zuwa biyu masu ƙaramin firikwansi, da litiyom nayobet.

Yanzu ga lissafin da nake so ka yi da hannunka. Hasken da ke shiga muna ce masa famfo, biyun da ke fita ɗaya sigina ɗayan aidila, wanda ni nake kira ɗan rakiya domin a da ba shi ake nema ba, biyo ɗan'uwansa kawai yake yi. Doka ta farko: firikwansin famfo daidai yake da na sigina a tara da na ɗan rakiya. Ɗauki famfo mai nanomita 1064, wato wajen tirahaz 282. In siginar ta fito a 1550, tirahaz 193 da ɗoriya, to ɗan rakiya dole ya ɗauki ragowar, wajen tirahaz 88, wato nanomita 3390 ko kusa. Duk foton ɗin famfo ɗaya da ya mutu, sigina ɗaya da ɗan rakiya ɗaya aka haifa, tagwaye, lokaci guda. Ta fuskar ƙarfi sigina ta tafi da wajen kashi 69 cikin ɗari, ɗan rakiya 31. Kiristal bai ci ko sisi ba. In ya yi ɗumi to daga 'yar shanyewar da ba a so ne, ba daga aikin kansa ba.

Hanyoyin yin abin kusan uku ne amma uwa ɗaya uba ɗaya suke. In ka shigar da famfo tare da wani haske na biyu ka karɓi bambancinsu, wannan haɗa bambanci ne, kuma wani abin daɗi shi ne hasken na biyun ƙaruwa yake yi ba raguwa ba, tunda kowane tsagewa na ƙara masa foton ɗaya, shi ya sa in ƙara ƙarfin siginar ne burinka sai a kira na'urar OPA. In kuma ka sa kiristal ɗin tsakanin madubai da ke mayar da siginar ta yi ta zagaye tana ƙaruwa a kowane wucewa, ka samu OPO, wadda da famfon ya haye wani mizani sai ta kama kamar leza, kuma a mai kyau an ga sama da kashi 90 na famfon ya juye. Misalin da ya fi zama min daidai shi ne lilo. Yaron da ke tsaye a kan lilo babu mai tura shi, durƙusawa yake yana miƙewa, kuma in ka lura sau biyu yake yi a kowane zuwa da dawowa ɗaya. Famfonsa na da firikwansi ninki biyu na lilon, wato yana zuba ƙarfi a sama lilon na karɓa a rabi. Amma in lilon tsaye yake cak, ko ya kwana yana durƙuso ba inda za shi, sai an ɗan samu motsi na farko.

To a OPO wa ke ba da motsin farko tunda famfo kaɗai muka shigar? Nan ne lissafin gargajiya ya ƙare, sai kwantom. Ko a cikin duhu ƙirin filin lantarki ba ya zama sifiri sak, akwai 'yar rawar da ba ta ɗaukewa, ita famfon ke kamawa ya hura. In babu madubai, abin da za ka samu shi ne tsagewar ganin dama, wadda ake kira SPDC, inda foton ɗaya cikin biliyan ko ma ƙasa da haka ke tsagewa sauran su wuce abinsu. Burnham da Weinberg ne suka nuna a 1970 cewa tagwayen tare suke fitowa.

Yanzu wurin da ake zufa. Doka ta farko kyauta ce, ta biyu ce ke cin kuɗi da lokaci: dole igiyoyin uku su yi tafiya ƙafa da ƙafa. Kowane yanki na kiristal yana haifar da ɗan sabon haske, kuma ana so abin da aka haifa a gaba ya hau kan wanda ya taho daga baya su ƙaru. Matsalar ita ce kowane launi da gudunsa a cikin kiristal, a litiyom nayobet ma'aunin lanƙwasa haske wajen 2.16 ne a 1064, 2.14 a 1550, 2.08 a wajen 3400. Bambancin kamar ba komai ba, amma bayan tafiyar maikiromita 15 kacal (maikiromita ɗaya nanomita dubu ce) sun saɓa ƙafa, daga nan ƙarfin ya fara komawa cikin famfo. Ka tuna mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude, in ɗaya ta saɓa ba daka ake yi ba kuma, taɓare ne ke karo da juna. Haka za a yi ta tarawa ana zubarwa duk tsawon kiristal ɗin, ka sayi mai santimita 5 amma amfanin da kake ci bai wuce na kaurin da bai kai silin gashi ba.

Dabara ta farko, tun 1962, ita ce amfani da wata ɗabi'ar waɗannan kiristal: hasken da ke kaɗawa a tsaye da wanda ke kaɗawa a kwance gudunsu ba ɗaya ba ne, kuma gudun ɗaya daga ciki na canzawa da kusurwar da ka bi. Sai ka sa famfo a ɗaya, 'ya'yan a ɗayan, ka yanka kiristal ɗin a kusurwar da bambancin launi da bambancin kaɗawa za su kashe juna. BBO da famfo mai nanomita 405 ana yanka shi a wajen digiri 29 ya ba da tagwaye a 810. Juya kiristal kaɗan ko canza masa zafi sai rabon ya canza, daga ɗari biyar-biyar zuwa ɗari shida da ɗari huɗu, kuma wannan ne babban abin da ya sa ake son OPO, leza ɗaya mai launi ɗaya ta zame maka kamar rediyo mai maɓallin neman tasha. Illarta igiyoyin na zamewa gefe su rabu a hankali, sannan ba ta barinka ka yi amfani da ɓangaren χ2 mafi ƙarfi.

Dabara ta biyu ni a ganina ta fi wayo. Armstrong da Bloembergen da Ducuing da Pershan ne suka kawo ta a takarda a 1962, amma sai da aka shiga shekarun 1990 aka iya yin ta yadda ya kamata. Maimakon ka hana saɓa ƙafar, sai ka bari a saɓa, daidai lokacin da ƙarfi zai fara komawa baya sai ka kifar da fuskar kiristal ɗin, alamar χ2 ta juya, zubarwa ta koma tarawa. Ana yin haka ne ta hanyar zana siraran layukan ƙarfe a kan litiyom nayobet a buga masa wuta wajen kilobolt 21 a kowane milimita, sai yankunan da ke ƙarƙashin layukan su juye su zauna a haka. Shi ake kira PPLN. Ga misalinmu na 1064 zuwa 1550 da 3390, tsarin na maimaituwa duk bayan maikiromita 30 ko kusa, 15 sama 15 ƙasa. Kana asarar wani kaso, 2/π ne ke rage maka, amma kana samun damar amfani da ɓangaren χ2 mafi ƙarfin nan, d33, wanda ya haura pikomita 25 a bolt, alhali na BBO wajen 2 ne. Sau da yawa ma ana zana layuka masu tazara daban-daban a jikin kiristal ɗaya, ka gusa shi gefe kawai ka canza launi.

Me ake nema da duk wannan wahala? Akwai yankunan haske da samun leza mai kyau kai tsaye ke da wuya, musamman tsakiyar infirared, maikiromita 3 zuwa 5, kuma can ne nau'o'in iskar gas ke da tambarinsu. Iskar gas ta misen (methane) na shanye haske sosai a wajen maikiromita 3.3, ka ga ɗan rakiyan da muka raina shi ya zama ango. In kana son wuce maikiromita 5 litiyom nayobet ya fara toshewa, sai a koma wani kiristal mai suna ZGP da ake famfo a wajen maikiromita 2. Ɓangaren kwantom kuma tagwayen SPDC a sarƙe suke fitowa, wato halin ɗaya na ɗaure da na ɗayan ko sun yi nisa da juna, su ne jarin gwaje-gwajen Anton Zeilinger, wanda ya raba kyautar Nobel ta 2022 da Alain Aspect da John Clauser, kodayake su biyun da atam ɗin kalsiyom suka yi nasu na farko ba da kiristal ba. Tauraron ɗan adam na Sin mai suna Micius da aka harba a 2016 ɗan kiristal ɗin PPKTP, wato KTP da aka yi wa irin kifarwar PPLN, ne a cikinsa, 405 zuwa 810, ya raba tagwaye tsakanin tashoshi biyu da ke nesa da juna da kimanin kilomita 1200. LIGO, na'urar gano igiyoyin nauyi (gravitational waves) ta Amurka, ma tun 2019 tana amfani da OPO mai famfo a 532 don rage hayaniyar kwantom a haskenta na 1064.

In wata rana ka samu kanka a gaban ɗaya daga cikin waɗannan kiristal, ga abin da littafi ba ya yawan faɗa. BBO na shan danshi, ni kaina na taɓa barin wani a buɗe a kan tebur na 'yan makonni lokacin damina, na dawo na tarar fuskarsa ta yi hazo kamar gilashin tsohuwar fitila, na kwana biyu ina zargin madubai kafin na gano, tun daga ranar a kwalba mai maganin danshi nake ajiye shi. Litiyom nayobet kuma hasken da ake gani na birkita masa ciki ya watsa igiyar, shi ya sa ake ɗumama shi sama da digiri 100 ko a sayi wanda aka zuba wa magnisiyom. KTP na yin baƙin layi in koren haske ya yi masa yawa. Sannan kar ka sa ran ganin tagwayen 810 da ido, raunana ne ƙwarai, suna fita ne a mazurari mai buɗewar digiri 3 ko kusa a kewayen famfon, sai da na'urar ƙirga foton guda biyu da matatar da za ta tare 405 ɗin, kuma abin da kake nema shi ne su yi ƙyas tare a cikin 'yan nanodaƙiƙa. OPO mai ƙarfi kuwa akasin haka ce, launuka uku ne a kan teburin kuma sau da yawa babu wanda ido ke gani a cikinsu, don haka kafin ka kunna ka karanta lambobin da ke jikin tabaran kariyarka, wanda ke tare 1064 ba lallai ya tare 1550 ba.